TOMAS ARNOLD: BATUREN DA YA RUBUTA TARIHIN DA'AWA, DA SAURAN LITTATTAFANSA



Yau zan kawo muku tarihin wani mutum wanda ba Musulmi ba ne, ba kuma ɗan ƙasarmu ba. Na san wani zai ce, to Malam malamanmu sun ƙare ne? Ba su ƙare ba. Dalilina shi ne, sunan wannan mutumi yana yawo a bakin matasanmu duk lokacin da aka tayar da tsohuwar maganar nan ta cewa da takobi aka yaɗa Musulunci. Nan da nan sai ka ji an ce ai Arnold ma ya ƙaryata. Idan ka tambayi mai maganar wane ne Arnold, a ina ya zauna, me kuma ya rubuta ban da wannan, sai ya yi shiru. A ɗaya gefen kuma akwai masu ganin duk Baturen da ya yi rubutu a kan addininmu maƙiyi ne, ko sunansa ba sa son ji. Wanda kake kafa hujja da shi, da wanda kake yi wa hukunci, duka biyun ya kamata ka san su tukuna.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

Cikakken sunansa Thomas Walker Arnold. An haife shi ranar 19 ga Afrilu 1864 a garin Debonfot, a bakin teku, kudu maso yammacin Ingila. Ya yi sakandare a Landan, sannan a 1883 ya shiga Jami'ar Kambirij. Abin da ya shiga karantawa shi ne adabin tsoffin Girkawa da Rumawa, amma hankalinsa ya karkata wajen harsunan Gabas da tarihin Musulunci. Allah Ya ba shi sauƙin koyon yare. Wannan baiwar ce jarinsa har ya mutu, domin da ita ya riƙa karanta Larabci da Farisanci da harsunan Turai da dama, kowane littafi a cikin harshen da aka rubuta shi.

SHEKARA GOMA A ALIGAR

A 1888 ya tafi Indiya koyar da falsafa a kwalejin Musulmi da ke Aligar. Sai mun fahimci halin da ake ciki a lokacin. Bayan boren 1857 Turawan Ingila sun rushe abin da ya rage na daular Mugal, Musulmin Indiya suka rasa mulki, aka kuma bar su a baya a karatun zamani. Sayyid Ahmad Khan ne ya kafa makarantar Aligar a 1875 don 'ya'yan Musulmi su haɗa boko da addini, ita ce daga baya ta zama Jami'ar Musulmi ta Aligar a 1920. A zamanin kuma littattafan 'yan mishan da na wasu manyan jami'an mulkin mallaka sun cika gari. Mafi shahara shi ne na William Muir a kan rayuwar Manzon Allah (SAW), wanda ya ƙona wa Sayyid Ahmad Khan rai har ya zauna ya rubuta masa raddi.

Cikin wannan yanayi Arnold ya sauka. Bai yi irin zaman sauran Turawa ba, masu keɓe kansu a unguwarsu. Ya shiga cikin ɗalibai, yana ci da su, har yakan sa tufafi irin nasu. A nan ya haɗu da babban malamin nan Shibli Nu'umani, mai littafin Al-Faruƙ a kan Sayyidina Umar, wanda kuma ya fara rubuta Siratun Nabi da Urdu, almajirinsa Sulaiman Nadwi ya ƙarasa. Suka zama abokai, kowa yana ƙaruwa da ɗan uwansa. Arnold ya koya wa Shibli Faransanci da yadda Turawa ke bin diddigin tarihi, Shibli kuma ya ƙara masa ƙarfi a Larabci, ya nuna masa hanyar littattafan Musulmi.

Akwai wani labari da Shibli ya bayar a littafin tafiyarsa. A 1892 sun shiga jirgin ruwa tare daga Bombai, Shibli zai je Istanbul da Sham da Masar, Arnold zai je gida hutu. Suna tsakiyar teku injin jirgin ya lalace, hankalin kowa ya tashi. Shibli ya je neman abokinsa, sai ya same shi zaune yana karatu kamar ba abin da ya faru. Ya tambaye shi ko bai san halin da ake ciki ba. Arnold ya nuna masa ya sani, ya kuma ba shi amsa da cewa in dai jirgin nutsewa zai yi, to ɗan lokacin da ya rage ya fi tsada, bai kamata a ɓata shi a banza ba. Aka gyara injin, suka ci gaba da tafiya. Ni duk lokacin da na tuna wannan sai in ji kunya ta kama ni a madadinmu gaba ɗaya. Mu ne aka gaya wa za a tambaye mu yadda muka ƙarar da rayuwarmu, amma wutar lantarki kaɗai in an ɗauke, karatun ranar ya tashi ke nan.

LITTAFIN DA YA FITO DA SUNANSA

A 1896 ya fitar da The Preaching of Islam, wato tarihin kira zuwa ga Musulunci. Yana da shekara 32. Ya sake fitar da shi da gyare-gyare da ƙari a 1913. An fassara shi zuwa Urdu tun da wuri, sannan a 1947 fassarar Larabci ta fito a Alƙahira da sunan Ad-Da'awatu ilal Islam, aikin Hasan Ibrahim Hasan da Abdulmajid Abidin da Isma'il an-Nahrawi. Wannan fassarar ce mafi yawan malamanmu suka sani.

Babi goma sha uku ne. Ya fara da rayuwar Manzon Allah (SAW) a matsayin mai kira, sannan ya bi ƙasa ƙasa: Kiristocin Sham da Iraƙi, Masar da arewacin Afirka, Andalus, ƙasashen Turai da Turkawa suka mulka, Farisa da tsakiyar Asiya, Mongol da Tatar, Indiya, Sin, Afirka, da tsibiran Malay. Tambayar da yake bi ɗaya ce: ta yaya mutane suka bar addinin iyayensu suka karɓi wannan?

Ya raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Faɗaɗar daula daban, shigar mutane addini daban. Runduna tana iya cin gari a wata ɗaya, amma mutanen garin sai su ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin mafi yawansu su musulunta. Hujjarsa mai ƙarfi ita ce wanzuwar cocin Ƙibɗawa a Masar da sauran coci-cocin Gabas har zuwa zamaninsa. Da a ce halifofi sun ƙudurta shafe su, suna da ƙarfin yin haka, kuma ba wanda zai kawo musu ɗauki.

Ya yi bayanin jiziya da cewa a madadin aikin soja da kariya ake karɓarta, shi ya sa ba a ɗora ta a kan mata da yara da tsofaffi marasa ƙarfi. Ya kawo misalin Jarajima, wata ƙabilar Kirista kusa da Antakiya, waɗanda aka ɗauke musu ita saboda sun yarda su yi yaƙi tare da Musulmi. Ya kuma kawo labarin Abu Ubaida ɗan Jarrah (RA), wanda ya sa aka mayar wa mutanen garuruwan Sham kuɗinsu lokacin da Hiraƙla ya tara babbar runduna, Musulmi suka ga ba su da tabbacin za su iya kare su.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne babin Mongol. A 1258 Hulagu ya rushe Bagadaza, ya kashe halifa. A nan dai ba mai cewa takobin Musulmi ne ya yi aiki, don takobin yana hannun abokin gaba. Amma Barka Khan, jikan Jankiz Khan, ya musulunta, kuma Arnold ya kawo ruwayar cewa wasu fatake biyu daga ayarin Buhara ne suka yi masa bayanin addinin. A 1295 Gazan, jinin Hulagu kansa, ya musulunta a Farisa. Waɗanda suka ci Musulmi da yaƙi sun ƙare suna sallah a bayan limamansu.

A babin ne kuma ya kawo labarin Tugluƙ Timur da wani malami, Shaihu Jamaluddin. Malamin da abokan tafiyarsa sun shiga dajin farautar yarima ba su sani ba, aka kamo su. Da yarima ya ji Farisawa ne, sai ya ci musu fuska, ya nuna kare ya fi su daraja. Malamin bai yi fushi ba. Ya amsa masa da cewa haka ne, in da ba su da imani na gaskiya da sun fi kare ƙasƙanci. Maganar ta tsaya wa yarima a rai, ya kira shi gefe ya nemi ya gaya masa mene ne imanin. Ya saurara, zuciyarsa ta yi laushi, amma ya ce a jira sai ya hau gadon sarauta. Kafin lokacin malamin ya rasu, ya bar wa ɗansa Rashiduddin wasiyya. Ɗan ya je sansanin sarki, aka hana shi shiga. Sai wata asuba ya tsaya kusa da tantin sarki ya ɗaga murya ya kira sallah. Aka kama shi aka kai shi gaban sarki don ya tashe shi daga barci, ya isar da saƙon mahaifinsa, sarki ya tuna alkawari ya yi shahada. Ka ji aikin haƙuri da iya magana, da ɗa mai cika wasiyyar uba.

A babin ƙarshe ya tattara abin da ya gano. Musulunci ba shi da wata ƙungiya ta limamai da aka ware ana biyansu don yaɗa shi, saboda haka aikin ya hau kan kowa. Ya kawo fatake, da malaman allo, da mahajjata, da shehunan ɗariƙu, da mata a gidajen aurensu, har da fursunonin yaƙi da suka musuluntar da waɗanda suka kama su. Ya ambaci sauƙin aƙidar tauhidi, da yadda sallah a bainar jama'a take jan hankalin mai kallo, da yadda sabon musulunta yake zama ɗan uwa nan take.

Adalci ya sa in faɗi wannan ma: Arnold bai ce ba a taɓa tilasta wa kowa ba. Ya ambaci sarakunan da suka ƙuntata wa waɗanda ba Musulmi ba, irin su Al-Hakim na Faɗimiyyawa a Masar. Ya kuma faɗa tun a farkon littafin cewa tarihin masu kira ya zo rubutawa, ba tarihin zalunci ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne, tilas ba ita ce ta kawo mafi yawan masu shiga ba, kuma inda aka yi ta an saɓa wa koyarwar Alƙur'ani. Don haka mai kafa hujja da shi kada ya ɗora masa abin da bai faɗa ba.

LAHOR DA IƘBAL

A 1898 ya koma Lahor, ya zama farfesan falsafa a Kwalejin Gwamnati. A can ya samu wani ɗalibi daga Siyalkot mai suna Muhammad Iƙbal, wanda daga baya duniya ta san shi da waƙoƙinsa na farkar da al'umma. Arnold ya gane basirar yaron, ya ja shi a jiki, ya ƙarfafa masa gwiwar zurfafa karatu. Da Arnold ya bar Indiya a 1904, Iƙbal ya yi waƙa ta kewar rabuwa da shi. A 1905 shi ma ya bi sawu zuwa Ingila, ya shiga Kambirij. Littafinsa na digirin dakta a kan falsafa a ƙasar Farisa, wanda ya fito a 1908, ga Arnold ya sadaukar da shi. Har ma ya riƙe masa ajin Larabci a Landan na wasu watanni lokacin da malamin ba ya nan.

Ku lura da abu ɗaya. Iƙbal ya yi karatu a hannun Bature, ya girmama shi har ƙarshen rayuwarsa, amma da wuya ka samu wanda ya kai shi sukar wayewar Turai da bautar abin duniya da ke cikinta. Ya ɗauki ilimin ya bar aƙidar. Matasanmu da ke fita karatu waje, ga abin koyi nan.

KOMAWA LANDAN

Daga 1904 zuwa 1909 ya yi aiki a matsayin mataimakin mai kula da ɗakin karatu na Ofishin Indiya, inda aka tara dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da Farisanci, yana kuma koyar da Larabci a jami'a. A 1909 aka naɗa shi mai ba ɗaliban Indiya da ke Birtaniya shawara kan karatu. Daga 1921 har rasuwarsa shi ne farfesan Larabci da nazarin Musulunci a Makarantar Nazarin Gabas ta Jami'ar Landan, kuma a shekarar 1921 ɗin aka ba shi lambar girma ta Sir. Yana cikin editocin farko na babban kundin nan Encyclopaedia of Islam da ake bugawa a Laiden ta ƙasar Holan, shi ke kula da ɓangaren Ingilishi.

Kada mu ɓoye wannan: ma'aikacin gwamnatin da ke mulkin mallaka a Indiya ne. Albashinsa daga can yake, lambar girmansa ma daga can. Yana son Musulmi, Musulmi suna son sa, amma bai fita daga tsarin daular ƙasarsa ba.

LITTAFIN HALIFANCI

A ranar 3 ga Maris 1924 majalisar Turkiyya ƙarƙashin Mustafa Kamal ta soke halifanci. A wannan shekarar Arnold ya fitar da The Caliphate, wanda ya bi tarihin muƙamin tun daga Sayyidina Abubakar (RA) har zuwa Usmaniyawa. A ciki ya yi bincike a kan labarin da ya shahara cewa halifan Abbasiyawa na ƙarshe a Alƙahira, Al-Mutawakkil, ya miƙa wa Sultan Salim halifanci bayan cin Masar a 1517. Ya nuna marubutan da suka rayu a lokacin ba su kawo wannan miƙawar ba, sai a ƙarshen ƙarni na 18 labarin ya bayyana a littafi. Wannan aikin tarihi ne, ana auna shi da ma'aunin tarihi.

Inda matsala take shi ne yadda ya ɗauki hadisai. Ya bi hanyar Turawan zamaninsa masu ganin da yawa daga hadisan shugabanci da biyayya siyasa ce ta haife su daga baya. Mu kuwa muna da ilimin isnadi da na sanin maruwaita, wanda malamai suka ƙarar da rayuwarsu a kai, suka tace ingantacce daga na ƙarya tun kafin a haifi kakannin masu wannan zato. Abin bai tsaya a Landan ba. A 1925 wani alƙali ɗan Azhar, Ali Abdurraziƙ, ya fitar da Al-Islam wa Usulul Hukm, yana cewa halifanci ba ya cikin asalin addini, ya kuma tura mai karatu ga littafin Arnold. Majalisar manyan malaman Azhar ta zauna ta cire shi daga sahun malamai, Shaihu Muhammad al-Khidr Husain da Shaihu Bakhit al-Muɗi'i kowanne ya rubuta masa raddi. Ka ga ke nan, alƙalamin da ya ba mu hujja a 1896, shi ne wani ya jingina da shi a 1925 a kan maganar da malaman Azhar suka yi watsi da ita.

ZANE-ZANE DA SAURAN AYYUKA

Wanda ya san Arnold ta littafin da'awa kaɗai zai yi mamakin sauran ayyukansa. A 1898 ya fassara wani tsohon littafi daga Italiyanci a kan Faransis na Asisi, wani waliyyin Kiristoci. A 1902 ya fitar da nassin Larabci na wani yanki daga littafin Ibnul Murtada, malamin Zaidiyya na Yaman, a kan ɗabaƙoƙin Mu'utazilawa.

Shekarunsa goma na ƙarshe kuwa mafi yawansu a kan zane ya ƙarar da su. A 1921 ya yi aiki tare da Laurence Binyon a kan masu zanen fadar sarakunan Mugal. A 1928 ya fitar da Painting in Islam, inda ya duba matsayin zanen hoto a wayewar Musulmi. Ya kawo hadisan hani da matsayar malaman fiƙihu, sannan ya nuna yadda sarakuna suka riƙa sa a yi musu zane a fadodinsu da littattafansu duk da haka, tun daga ginin Ƙusair Amra na Umayyawa a hamadar Jodan. A 1929 shi da Adolf Grohmann suka fitar da The Islamic Book a kan rubutun hannu da ado da ɗaurin littafi. A 1930 ya yi littafi a kan Bihzad, shahararren mai zanen nan na Herat. Yana da kuma ɗan ƙaramin littafi mai suna The Islamic Faith, na 1928, don gabatar da addinin ga talakan Ingila.

A nan ina da gargaɗi. Littafinsa na zane yana ɗauke da hotunan da wasu masu zanen fada suka yi suna riya surar annabawa ce, har da Manzon Allah (SAW). Shi a wurinsa kayan tarihi ne. Mu a wurinmu abin ƙi ne, kuma aikin sarki ko mai zanensa ba ya zama hujja a shari'a. Wanda ba bincike ne ya kai shi ba, ba shi da buƙatar buɗe shi.

Aikinsa na ƙarshe shi ne The Legacy of Islam, wanda ya tsara tare da Alfred Guillaume, ya fito a 1931 bayan rasuwarsa. Masana da dama ne suka rubuta babi-babi a kan abin da Turai ta gada daga Musulmi a likitanci, lissafi, ilimin taurari, falsafa, adabi, gine-gine da kasuwanci. An fassara shi zuwa Larabci da sunan Turasul Islam.

INDA YA ZO ƘASARMU

A babin Afirka na littafin da'awa Arnold ya iso ƙasar Hausa. Ya yabi fataken Hausawa, ya nuna yadda suke kai addini duk inda suka kai haja, har zuwa ƙasar Ashanti da Dahomi da Legas. Wannan gaskiya ne, zangon Kumasi ma shaida ne.

Amma da ya zo kan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sai ya yi tuntuɓe. Ya rubuta cewa Shehu ya je Makka aikin hajji, ya dawo da tasirin da'awar Wahabiyawa. Ɗalibin da ya karanta Infaƙul Maisur na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ko Tazyinul Waraƙat na Abdullahin Gwandu ya san ba haka ba ne. Shehu, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a 1817, bai samu zuwa hajji ba. Malaminsa Jibrilu ɗan Umar ne ya je. Shehu ya so bin sa, amma ya dawo daga Agadas saboda ba shi da izinin mahaifinsa. Kuma ya fara wa'azi tun yana ɗan shekara ashirin, a kan mazhabar Malikiyya da ɗariƙar Ƙadiriyya, littattafansa suna nan suna shaida.

Me ya jawo kuskuren? Arnold bai taka ƙasar nan ba, littattafan Sakkwato kuma ba su ne a gabansa ba. Da rahoton matafiya Turawa ya dogara, su kuma da abin da suka ji a hanya. Ba na zargin sa da ƙarya da gangan. Amma ku duba: mutum mai yare da yawa, mai ƙwazo, mai son adalci, ya zo kan tarihin da yaran makarantar ilimi a Sakkwato suka sani, ya faɗi abin da ba haka ba. To a sauran wuraren da mu ba mu sani ba fa? Shi ya sa ake karanta irin waɗannan littattafai da ido biyu.

RASUWARSA

A farkon 1930 ya je Alƙahira ya koyar da tarihin Musulunci a Jami'ar Masar a matsayin baƙon farfesa. Ya koma Landan, bai daɗe ba ya rasu ranar 9 ga Yuni 1930, yana da shekara 66. Bai bayyana Musulunci ba. Masu yaɗa cewa ya musulunta su daina, addinin Allah ba ya buƙatar a yi masa ƙarya. Mu da zahiri muke hukunci, abin da ke cikin zukata kuma Mai su Ya fi sani.

Wannan kansa wa'azi ne. Mutum ya yi shekara arba'in yana nazarin yadda miliyoyin mutane suka yi shahada, ya san dalilansu ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta su da kyau, amma ba a ji ya furta ta ba. Shiriya ba yawan karatu ba ce, kyauta ce daga Allah. Wanda aka ba shi ya yi godiya, ya kuma ji tsoron kada a karɓe.

ABIN DA NAKE SO MU ƊAUKA

Na farko, mu yi wa mutumin nan adalci. A Suratul Ma'ida, aya ta 8, Allah Ya hane mu barin adalci ko da a kan mutanen da muke ƙi, balle wanda ya yi mana adalci a lokacin da 'yan uwansa ke yi mana ƙazafi. Manzon Allah (SAW) bai manta da alherin Muɗ'im ɗan Adiyyu ba, wanda ya ba shi mafaka bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa, ya ambace shi da alheri bayan yaƙin Badar alhali ya mutu a kan shirka. Faɗin alherin wanda ba Musulmi ba bai rage wa kowa imani.

Na biyu, kada mu mai da shi Bukhari. A tarihin yaɗuwar addini a saurare shi, a kuma bincika. A hadisi da aƙida da hukunci ba wurinsa ake zuwa ba. Gaskiyar Musulunci ba ta jiran sa hannun Bature. Idan imaninka sai wani farfesa a Landan ya yaba yake ƙaruwa, to ranar da wani farfesan ya kushe me zai faru da kai?

Na uku, mu rubuta namu. Kuskuren da ya yi a kan Shehu ya shiga wasu littattafai, an yi ta maimaita shi shekara da shekaru. Rubuce-rubucen kakanninmu suna nan a Sakkwato da Kano da Katsina da Zariya da Borno da Timbuktu, wasu gara na ci a cikin adaka. Wanda bai ba da labarin gidansu ba, baƙo zai bayar, kuma yadda ya ji a hanya zai faɗa.

Na huɗu, kuma shi ne mafi nauyi a wurina. Mukan ɗauki littafin nan mu jefi abokin gardama da shi, alhali mu ya kamata ya fara tayarwa daga barci. Waɗanda suka kai Musulunci Jawa da Sumatra da Kumasi fatake ne da ba a san sunayen mafi yawansu ba. Mudunsu cikakke ne, alkawarinsu ba ya tashi, in lokacin sallah ya yi su ajiye ciniki. Mutane suka gani suka ce muna son abin da ya mai da ku haka. Yau kai da kake kasuwa a Legas ko Fatakwal ko Akara, kai da kake aji ɗaya da wanda ba Musulmi ba, ke da maƙwabciyarki Kirista ce, me suke gani? Mai kai wa mutane tsakuwa a cikin buhun wake ba zai kira su zuwa ga Allah su amsa ba. Haka mai zagin iyayen mutane a Facebook da sunan kare sunna. Suratun Nahli, aya ta 125, ta riga ta shimfiɗa mana hanya: hikima, da wa'azi mai kyau, da jayayya ta hanyar da ta fi kyau.

Wanda ke jin Larabci ya nemi Ad-Da'awatu ilal Islam ya karanta da kansa, ya fara da babin Mongol da babin ƙarshe. In ya zo babin Afirka ya ajiye Infaƙul Maisur a gefensa.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya sa mu zama sanadin shiriyar wasu, kada Ya sa halinmu ya kori kowa daga addininSa. Ya tabbatar da mu a kan kalmar shahada har ƙarshen numfashi. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.